Carbi a Ƙarƙashin Kujera

Alhaji Lurwanu ya gama gwada mota ta biyu, ya kashe ta ya fito.

Motocin tsere ne na kwaikwayo, irin waɗanda ake sayo sassansu cikin akwati a harhaɗa. Ɗansa Nasir ya haɗa ɗaya, Ja'afaru ɗan marigayi yayansa ya haɗa ɗaya. Wanda tasa ta fi, shi zai gaji warshar Alhaji ta gyaran motoci da ke titin Mansur a Makka. Don a yi adalci, Alhaji ya sa aka yi musu fenti iri ɗaya, ya ce kada a gaya masa mai kowace.

Ta farko ta fi, nesa ba kusa ba. Birkinta na kamawa, ƙofarta ba ta ƙara. Sai dai a ƙarƙashin kujerarta ya hango carbin Nasir.

In ya zaɓe ta, gobe duk Hausawan Makka za su ce ya danne maraya ya ba ɗansa.

"Ta biyu ce ta ci," ya ce, bai kalli kowa ba.

Nasir ya matso ya miƙa hannun karɓar makulli. "Ta biyu tawa ce, Baba."

"To carbinka fa?"

"Ni na jefa shi a motar Ja'afaru. Tun muna yara, in dai ka san abu nawa ne, kayar da shi kake yi don kada mutane su yi da kai."

Alhaji ya waiwaya neman Ja'afaru. Rigar aikinsa kawai ya gani rataye a ƙofa.