Zanen Goyon Inna

Ranar sadakar bakwai ni da ƙanwata Tasalla muka buɗe akwatin Inna don raba suturarta. Can ƙasa muka tarar da zanen goyonta, irin mai zare mai rassa da aka fara sayarwa shekarar da aka haife ni. Kowane silinsa reshe ne a kan reshe, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ƙanshin jaririn da ya fi daɗewa a cikinsa suke riƙewa, wanki ba ya fitar da shi.

"Yaya, ke ce babba, ɗauki," in ji Tasalla.

Na kai shi hanci. Na san ƙanshin nan, shi nake ji duk lokacin da Tasalla ta durƙusa gaishe ni. Na juya ɗaya gefen, na bi shi kusurwa-kusurwa. Ko ɗigon ƙanshina babu.

"Kunyar ɗan fari ce kawai, Yaya," ta ce a hankali. "Kin san ko sunanki ba ta faɗa."

Shekara arba'in da wannan maganar nake lallashin kaina.

"Kunya a gaban mutane ake yin ta," na ce. "A cikin ɗaki wa ya hana ta?"

Na ninke zanen na ɗora mata a cinya.

"Riƙe kayanki."