Ɗigon da Ba Shi da Dangi

Sharfuddeen ya diro daga acaɓa a ƙofar makarantarsu da ke Kazaure, yana taƙama kamar ango. Tun daga Roni bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

Zango guda ya kwashe yana tsara darussansa a cikinta. Kowane bayani sai ya ƙulla shi da ɗan'uwansa: taki da ƙasa, ƙasa da gero, gero da ƙwari. In ya buɗe taswirar bayanan, sai ka ga ɗige-ɗige, kowane ɗigo bayani guda, sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. Dokarsa ɗaya ce: bayanin da ba shi da dangi shara ne. Ko a makon jiya ya hango wani ɗigo can gefe shi kaɗai, yana ɓata masa zane. Ko buɗe shi bai yi ba, ya goge.

A gindin darbejiya ya tarar da Gumsu, 'yar ajinsu, tana cin gyaɗa hankali kwance.

"Ke ba kya tsoron jarrabawar yau?" in ji shi. "Tambaye ni komai a kan ƙasar noma, in kai ki har kakansa!"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sharfu, ai jiya muka yi ta. An dawo da ita Talata. A gabana ka rubuta a wayarka, har kana cewa kai ba ka mantuwa."

Nan take ya buɗe kwandon sharar wayar. Ga marayan ɗigon nan kwance: "Jarrabawa ta dawo Talata."

Gumsu ta leƙo, ta girgiza kai.

"Allah sarki! Da ka sani ka haɗa shi da gero."