Hoton Gawo

Hoton ya sake shigowa wayar Salamatu ranar Juma'a, kamar kullum: gawo ɗaya tilo a busasshiyar gona.

Tun da yayanta Inusa ya yaɗa hotunan rumbunan garin Dungu da ba ko zangarniya, sojoji suka shiga nemansa, ya bar Matameye. Kafin ya tafi ya koya mata dabara: saƙo na kwance cikin hoto, ido ba ya ganinsa sai an rubuta kalmar sirri. Tasu kalmar "gawo" ce. Kullum saƙon ɗaya ne: "Ina lafiya. Ki gaida Inna."

"Me ya ce?" Inna ta tambaya daga kan gadon jinya.

"Ina zuwa, Inna."

Garin sauri yatsanta ya goce, ta rubuta "gawa". Ta yi a'uziyya, za ta goge ke nan sai wani saƙo daban ya buɗe.

"Buraima ne, abokin Inusa. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, saboda Inna. Ban faɗa ba. Dubi gindin bishiyar."

Ba ta taɓa tsayawa kallon hoton ba, abin da ke cikinsa kawai take nema. Ta ƙara girmansa. Ga tudun ƙasa nan, tsawon mutum, an jera masa fasassun tukwane.

Ta koma kan na makonnin baya, hoto bayan hoto. Yana nan a kowanne. A na farko ma ƙasar da danshinta, a shekarar da ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba.

"Salamatu," Inna ta sake kira, "yana lafiya?"