Matakalar da Ta Tashi Daga Tsaga

"'Yata, zo ki gani," in ji tsohon mai kula da tanderu. "Farantin nan mai tsaga ne na manta a ciki."

Shekara uku ke nan matashiyar, mai binciken kimiyya, tana goge kowane faranti fes, ko numfashi ba ta yarda ya taɓa shi ba, amma lu'ulu'un sinadarin nitiraid da take son ya tsiro a kai ya ƙi girma. Gobe za a rufe ɗakin binciken.

Ta ɗora farantin a ƙarƙashin na'urar ƙara girma, ta sa ido. Daga bakin tsagar, lu'ulu'un ya yi ta kewayawa, hawa bisa hawa, kamar matakalar hasumiya.

"Baba," ta ce a hankali, "ashe wurin taka ƙafa yake nema. Ni kuwa shekara uku ina share masa shi."