Hoton Hanjinta

Likita ta juyo masa da allon kwamfuta. "Baba, ga abin da kyamara ta gano a hanjin 'yarka."

Telan ya gyara zaman tabarau. Wasu ƙananan tsiro ne jere a bangon hanjin, kamar maɓallan da aka ɗinka ta cikin riga.

"Ba mu saba ganin wannan ga masu irin larurarta ba. Amma an zo da wuri, za mu cire su."

Shekarar 'yar tasa goma sha tara ba ta taɓa furta kalma ba. Da larurar ƙwaƙwalwa aka haife ta, irin wadda likitoci ma sai sun buɗe littafi. Wata bakwai tana dukan cikinta tana cizon hannu, duk inda ya kai ta sai a ce halin ciwon ne. Sai da ya ce ya ga jini a bayan-gidanta aka yarda a duba.

Ya yi hamdala, amma hankalinsa bai kwanta ba, shi da ko ragowar ƙyalle bai taɓa ɓoye wa mai ɗinki ba.

"Likita, ƙarya na yi. Ban ga jini ba."

"Na sani, Baba. Ban ga inda zai fito ba." Ta ajiye biro. "Ita ta yi wata bakwai tana faɗa mana gaskiya ba mu ji ba, sai ƙaryarka muka ji. Kunyar tamu ce. Je ka riƙe mata hannu, ta kusa farkawa daga allurar barci."