Baƙar Jif da Jana'izar Inna

Ajiye wayar nan, Hashimu, ka daina cusa min hotunan mota a fuska. Tun da ka zauna kake ce min wannan kaza, waccan kaza, amma ban ji ka ambaci nisan garinku ba ko sau ɗaya. Bari in ba ka misalin wani mutum, wanda har yau in na tuna da shi sai raina ya ɓaci.

Ɗan kasuwa ne a birni, Allah ya buɗa masa, ya tafi sayen jif mai aiki da lantarki. Aka nuna masa guda biyu. Ɗaya ruwan toka ce, ba ta da wani ado, amma in aka cika mata caji sai ta ci kilomita ɗari biyar kafin ta nemi ƙari. Ɗayar baƙa wuluk, sai sheƙi take yi, ƙofofinta da kansu suke buɗewa, ga firji, ga talabijin a bayan kujera, sai dai da ƙyar take kai ɗari uku. Mai sayarwa ya yi masa tambayar arziki, ya ce ina ya fi yawan zuwa. Dattijon direbansa ya yi karaf ya ce ƙauye, wurin Inna mahaifiyarsa, inda ko turken wuta ba a kafa ba. Mutumin ya watsa masa harara. Ai ba direba ya ɗauko don shawara ba, 'yan majalisarsa ya kwaso, masu cin tsirensa suna yi masa kirari, waɗanda ko keke ba su taɓa saya ba. Suka kwashe da dariya, suka ce mai ruwan tokar nan kamar motar masu allurar rigakafi. Shi ke nan magana ta ƙare, ya ɗauki baƙar.

To, shekara talatin mutumin nan ba ya shan mai sai ranar da zai yi tafiya. In tanki ya ƙafe a hanya ya tsaya bakin titi, 'yan bumburutu su ɗura masa da jarka, ya wuce. Ya ɗauka wannan ma haka take. Tsohuwar motarsa ya kyautar don a ce ya yi bajinta, sabuwar kuwa ba ɗaurin auren da bai kai ta ba, har zama yake yi a cikinta a ƙofar gida da sanyi a kunne don masu wucewa su gani. Direban ya ce masa a riƙa barinta a cike, Inna ta tsufa, ga rashin lafiya, kira zai iya zuwa kowane lokaci. Ya ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Wata Talata da safe aka bugo waya, Inna ta cika, za a yi jana'iza bayan azahar. Aka duba mota, caji rabi. Unguwarsu ba wuta tun jiya. Aka tayar da janareta aka jona, abu kamar ana cika randa da cokali, awa guda bai ƙara abin kirki ba. Direban ya roƙe shi don girman Allah su tafi tasha su ɗauki shatar mota. Ka san abin da ya ce? "Ranar da duk garinmu ya taru, a gan ni ina saukowa daga motar haya?" Ka ji fa! Uwar da ta haife shi tana kwance ana ɗinka mata likkafani, shi yana tunanin abin da za a gan shi a ciki.

Suka kama hanya. Saura kilomita sittin, a tsakiyar gonakin dawa, motar ta yi ta rage gudu har ta tsaya cik. Masu jarka suka rugo, suka zagaye ta suna neman bakin tanki, suka koma da mansu. Sai da ya fi awa biyu a rana kafin ya samu ɗan acaɓa, ya tattare babbar riga ya hau.

Mu kuwa muna can ƙauyen, don da ni a cikin sahun masu jana'iza. Liman ya jinkirta saboda shi har aka yi la'asar, tsofaffi suna tsugune a rana, sannan ya ce gawa ba ta jiran kowa. Maƙwabta ne suka saka ta a kabari, alhali tana da ɗan fari da ransa da lafiyarsa. Ya iso muna dawowa daga maƙabarta da ƙasa a hannuwanmu. Ya je ya durƙusa gaban tudun ɗanyar ƙasa yana rusa kuka, yana kiran Inna, Inna. Wallahi ban ji tausayinsa ba, haushi ne ya cika ni, sai da na kwana uku kafin na iya yi masa gaisuwa. Da mai ruwan tokar ya saya, da wannan rabin cajin ya kai shi har ƙofar gida. Da kuma ya ji maganar direba ya bar baƙar a cike, da ita ma ta kai shi.

Kai ma tsohuwarka tana nan da rai, kuma ba za a yi maka sallama kafin a bugo waya ba. Ka zaɓi wadda za ta kai ka, ka kuma bar ta a shirye. Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.