Motar Siminti a Hanyar Maƙabarta

Kwana tara ke nan da aka damƙa wa Khalidu makullin babbar mota. Shekara shida ya yi yana bin mastansa, direban da ya koya masa tuƙi, zuwa Tamale da Bolga kafin wani kamfanin rodi da siminti a Oforikrom ya ɗauke shi direba. Motar irin mai shimfiɗaɗɗen bayan nan ce, ba gefe, ba rufi. Ranar da ya karɓe ta manaja ya ja masa kunne: "Kaya kaɗai. Ko akuya ban yarda ka ɗora a baya ba."

Ranar Alhamis ya sauke siminti a Asokore Mampong da wuri, sai ya biyo ta unguwarsu, Zango, don mahaifiyarsa, Mma Habsa, ta ga motar da idonta. Ta shafa ƙofar, ta sa masa albarka, ta zuba masa tuwo. Bai gama ci ba aka yi shelar rasuwar Malam Sanni mahauci, jana'iza bayan la'asar.

Malam Sanni mutumin jama'a ne, unguwa kaf ta fito. Da aka idar da salla, motar gawa ta yi gaba, trotro biyu, ƙananan motocin haya, suka cika maƙil suka bi ta. Sauran mutane suka yi cirko-cirko a bakin masallaci. Nan idon Alhaji Abdul-Karim, wan Mma Habsa, ya faɗa kan motar.

"Khalidu! Allah ne ya kawo motar nan yau. Juyo da ita."

"Kawu, an hana ni ɗaukar mutane. Ba ta da abin riƙewa."

"Wa ya hana ka? Mai siminti? Shi zai raka ka kabari ranar taka?"

"Chale, abokina, kwana tara a sitiyari har ya zama Bature!" in ji wani daga baya. Duk da ana cikin makoki, sai da wasu suka yi dariya.

Khalidu ya sunkuyar da kai. Yayansa Suraj, tela, ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya yi ƙasa da murya. "Kar ka kunyata Mma a idon mutane. Tafiyar minti ashirin ce. Ka bi a hankali, ni zan tsaya a baya in kula da su."

Ya tada mota. Ta madubi yana ƙirga masu hawa, da ya kai arba'in ya daina. Dattawa suka zauna a baki-baki, ƙafafu na reto. Matasa suka tsaya a tsakiya, kowa dafe da kafaɗar wani. Kawu ya buɗe gaba ya zauna kusa da shi, ya ciro carbi.

Khalidu ya riƙa jan motar kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Wannan tafiyar fa?" Kawu ya ce. "Za a binne mutum ba mu. Taka mana, yaro."

Ya taka.

A wata gangara, keken pragya mai ƙafa uku ya faɗo titi ba ko waiwaye. Khalidu ya danne birki, ya murɗa sitiyari dama. Abin da aka koya masa ke nan, kuma da siminti ne ɗaure da sarƙa a bayansa da ba abin da zai motsa. Amma mutane ne a baya, ba wanda ya ɗaure su. Ya ji salati, ya ji faɗuwar jikuna kan kwalta, sannan tayar baya ta hau wani abu ta sauka.

Da ya diro, huluna da silifa sun watsu a titi. Wani tsoho na rarrafe yana neman tabaransa, jini na bin gemunsa. Khalidu ya zagaya bayan motar. Yadin rigar da ya gani ƙarƙashin tayar ya san shi, shi da Suraj suka saye shi a kasuwar Adum kafin ƙaramar salla.

Mutum uku suka rasu, har da Suraj, goma sha ɗaya suka kwanta a asibiti. 'Yan sanda suka karɓe lasin, suka kulle Khalidu. Kamfani ya ce shi bai aike shi Zango ba. Cikin waɗanda suka yi dariya a bakin masallaci, ba wanda ya taka ofishin 'yan sanda. Da aka tambayi Alhaji Abdul-Karim, cewa ya yi, "Ni taimako na ce a yi. Ai shi ne direba, shi ya san motarsa."

Washegari aka binne Suraj, Khalidu na tsare. Da yamma Mma Habsa ta kawo masa abinci. Ta tura kwanon ta ƙarƙashin ƙarfen ƙofar, ba ta ɗago ido ba.

"Mma, na ce musu a'a. Wallahi na ce."

Ta murza bakin mayafinta. "Rafi'atu ta ce in tambaye ka abin da za ta faɗa wa yaran," ta ce. Rafi'atu matar Suraj ce, 'ya'yansu biyu, ga na uku a ciki.

Jama'a, motar kaya ba ta mutane ba ce, ko biki ne ko jana'iza. Direba, in ka ce a'a ka tsaya a kanta, ko wane ne ya matsa maka. Mu kuma mu daina tura 'ya'yanmu ga halaka da gori da sunan neman lada.